Kunyar Yaya Huseina

Ranar da Yaya Huseina ta saki taɓarya a tsakiyar matsar mai ta zauna daɓas a ƙasa, ni dariya na yi mata, Allah ya yafe mini. Na ce, "To fa, yau tsufa ya zo gaishe ki." Ta ɗaga mini hannu, wai in bari ta sami numfashi tukuna. Na tsaya da kofin ruwan zafi ina jiran ta rama, don Yaya ba a tsokanarta ta ƙyale. Maimakon magana sai tari ya sarƙe ta, busasshen tari mara kaki, har idanunta suka kawo ruwa. Tunkuza ta huce a turmi, man ranar bai fito da kyau ba.

Ni ce Larai, ƙanwarta ciki ɗaya. Ƙofar gidana na kallon tata a Tsamiya Biyu, ƙauyenmu da ke ƙasar Minjibir, inda gona take manne da gona, in ba layin gamba ka gani ba ba za ka san inda ta wani ta ƙare ba. Shekara talatin da ɗoriya muna sana'a ɗaya ni da ita. Mu ɓare gyaɗa, mu soya, mu murje mu sheƙe, a kai inji, a dawo mu matse mai, mu murza ƙuli. Hannunta ya fi nawa, wannan ban taɓa musu ba. Ƙulinta siriri ne mai ƙaras-ƙaras, tun daga bakin titi masu tsire suke aikowa nemansa. Da wannan turmin ta riƙe gida tun da mijinta Malam Zailani ya rasu, shekara shida ke nan.

Amma in ka tambayi mutanen garinmu abin da suka sani game da Huseina, kara za su fara ce maka. Matar nan tana da kunya irin wadda take ba ni haushi. 'Yarta ta fari, Hafiza, ni aka kawo wa ita ranar yaye, ni na raine ta har na aurar. Tun da aka raɗa wa yarinyar suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakin Yaya ba. "'Yarki," haka take ce mini. Ita ma Hafiza "Yaya" take kiran uwarta, yadda ta taso ta ji ina kira. A gidan biki da ita ake ba 'yan mata misali, ku dubi Huseina, ku koyi kara. Ni kuwa an san bakina ba linzami, ba wanda ya taɓa cewa a koyi wani abu a wurina.

Sai Allah ya haɗa Hafiza aure da Kamaruddeen, ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Mutum ne mai hankali, ba ka jin muryarsa a sama. Shi kaɗai ne a asibitin tun da aka yi wa nas ɗin mace canjin wurin aiki ba a turo wata ba. Shekara takwas yana surukin Yaya, ba su taɓa haɗa ido ba. In ta hango shi a hanyar rijiya sai ta ratse ta faɗa cikin dawa, ko da tulu a kanta. Shi ma in ya zo gaisuwa a zaure yake tsugunawa, ta amsa daga ɗaki a taƙaice. "Mijin 'yarki" shi ne sunansa a wurinta.

Tarin nan da kaka ya fara. Kowa ya ce hayaƙin suyar gyaɗa ne, ni ma haka na ce. Yatsunta suka yi kaushi suka tsattsage ta gefe-gefe har suna jini, muka ce ɓarar gyaɗa ce, wa ya taɓa ɓare buhu goma hannunsa ya zauna lafiya? Na kawo mata man kaɗe. Ta sha zuma da citta, ta sha lemon tsami, an yi mata rubutu. Sai da ta kai ba ta iya zuwa rijiya ba tare da ta tsaya sau biyu a hanya ba, sannan na ja ta asibiti, ina gaba tana baya, muna tafe ina faɗa.

Abin da aka yi a ɗakin nan, wallahi in na tuna har yanzu raina ɓaci yake. Yaya ta zauna a bakin gado ta ba ƙofa baya, ta ja hijabi har kan hanci. Kamaruddeen ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ni ce a tsakiya kamar tafinta, alhali dukanmu Hausa muke ji.

"Inna Larai, a tambayi Inna ko tana zazzaɓi."

Na juya na tambaye ta. Ta raɗa mini. Na juya na faɗa masa.

"A tambaye ta ko tana cin abinci."

Haka muka yi ta yi. Da aka zo sauraren ƙirji ya ɗauko abin nan da suke sawa a kunne, ya tsaya yana jujjuya shi a hannu, zufa na keto masa. Ƙarshe a bayanta ya ɗora, ta saman hijabi da riga, sau biyu, ya janye da sauri kamar ya taɓa tukunyar da ke kan wuta. Sannan ya ce, "A tambaye ta ko akwai wani abu kuma a jikinta, ko kumburi ko ciwo a wani wuri."

Na tambaye ta. Ta girgiza kai. Na ce masa babu. Da bakina na ce babu.

Ya tura mu gari aka ɗauki hoton ƙirji. Gwajin kaki bai nuna komai ba, da ƙyar ma aka samo kakin, amma hoton ya fito da fari-fari a ƙasan huhu. Aka ce tarin fuka ne mai ɓuya, aka ɗora ta kan maganin wata shida. Maganar kuwa ta riga mu isa gida. Aka ware mata kwano da kofi. Masu tsire suka daina aike. Wata da ta shekara goma tana sayen mai a hannunta ta zo har tsakar gida, ta ga Yaya ce ke aunawa, ta ce ta manta kwalba, ba ta sake dawowa ba. Na yi faɗa a unguwar nan har muryata ta dishe. Yaya kuwa ta kife turminta.

Wata huɗu tana shan ƙwayoyin nan kullum da safe, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Kamaruddeen ne yake aiko su ta hannun Hafiza. Sauƙi babu. Numfashi sai ƙara gajarcewa yake, sallah ta koma yi a zaune. Sannan ƙarfin hannuwa da cinyoyi ya soma tafiya. Matar da ke juya taɓarya rabin yini ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali.

Wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, na same ta a bakin banɗaki da bokitin ruwa, ta kasa cire riga. Ta daɗe a wurin, don ruwan har ya yi ɗumi a rana. Na ce, "Taso in yi miki." Ta ce a'a. Na ce, "Haba Yaya, ni ce fa. Wa ya yi miki wankan jego?" Ta riƙe wuyan rigar da hannu biyu, amma hannun ba ƙarfi, na janye shi ba wahala.

Ina cuɗa mata ƙirji soso ya tokare da wani abu a nonon hagu. Na ajiye soso na sa yatsa. Ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwallon goriba, ba ya motsi, fatar wurin ta lotsa ciki. A hammata ma na ji wasu ƙanana guda biyu.

"Tun yaushe?"

Ta kawar da kai.

"Yaya, da ke nake. Tun yaushe?"

"Tun kafin babbar sallar bara. Ai ba ya ciwo."

"Ranar da ya ce a tambaye ki ko akwai kumburi, kin san da shi?"

"Na sani."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna a jiƙaƙƙen dutsen wanka da zanena, na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce wata huɗu muna ɗura miki maganin ciwon da watakila ba shi ke damun ki ba, an ware miki kwano, an ƙyamaci ƙulinki, ashe ke kina zaune a kan wannan? Ta bari na gama, sannan ta ba ni amsa guntu-guntu, tana tsayawa neman iska.

"Wa zan gaya wa? Shi? In buɗe wa mijin 'yarki ƙirjina? Ko ita zan kira in ce zo ki taɓa? Ke kuma kafin in rufe baki kin kai masa." Ta kamo hannuna. "Na haɗa ki da Allah, Larai, kar ya ji. Gara in tafi da mutuncina."

Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Na ƙarasa yi mata wanka na sa mata riga.

Kwana biyu na yi da maganar a cikina. An haɗa ni da Allah, kuma yayata ce, ita ta goye ni. Amma in na shiga gidanta tun daga zaure nake jin numfashinta. Ranar Alhamis bayan azahar na zura hijabi na nufi asibiti. Na jira matan da suka kawo yara rigakafi suka watse, na shiga na tura ƙofa, na faɗa masa komai: wane nono ne, girman abin, na hammata, da tun yaushe. Ban rage ko kalma ɗaya ba.

Kamaruddeen ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Biron hannunsa ya faɗi bai ɗauka ba. "Da na duba ta," ya ce. "Inna Larai, da na duba ta yadda nake duba kowa..."

Na ce, "Da ka gwada da ta tashi ta fice, kai ma ka sani. Bar wannan, nemo mana mota."

Washegari da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. Ni da Hafiza muka rirriƙo Yaya. Ta hango Kamaruddeen a kujerar gaba, ta juyo ta dube ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Daga ranar ta ɗauke mini magana.

Ya miƙo wa Hafiza wata 'yar na'ura ta maƙala wa Yaya a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ya ce ta lafiyayyen mutum casa'in da biyar take nunawa zuwa sama. Ta Yaya tamanin da shida. Yana gaba bai waiwayo ba ko sau ɗaya, sai dai jim kaɗan ya ce, "Nawa?" Hafiza ta karanta masa. Tamanin da biyar. Muka faɗa cunkoson bakin birni, a-daidaita-sahu da motocin kaya sun cushe hanya, ba gaba ba baya. Tamanin da uku. Leɓenta ya yi duhu, kanta ya langaɓe a kafaɗar Hafiza. Na leƙa ta taga ina zagin duk wanda ya tsaya a gabanmu. Kamaruddeen ya fice da farar rigarsa yana bubbuga motoci yana buɗe mana hanya da hannu. A tamanin da ɗaya muka shiga ƙofar babban asibiti.

Aka sa mata iskar oksijin. Likitar da ta karɓe mu mace ce, Dakta Sa'adiyya, siririya mai tabarau. Abin da ya ba ni mamaki, kafin ta taɓa ƙirji hannun Yaya ta kama, ta juya shi, ta daɗe tana kallon tsagar yatsun.

"Mama, me ya sami hannunki?"

Na yi caraf na ce ɓarar gyaɗa ce, sana'armu ke nan.

"Rabonta da ɓarar gyaɗa wata nawa?"

Wata huɗu ke nan Yaya ba ta taɓa gyaɗa ba, tsagar kuwa sai ƙaruwa take. Kullum ni ke shafa mata mai, ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba.

Ta ja labule ta duba nonon. Aka ɗebi jini, aka tura ta cikin babbar na'urar hoto, aka ciri 'yar tsoka daga ƙullutun. Bayan kwana takwas likita ta kira mu ofishinta, ni da Hafiza da Kamaruddeen.

"Ba tarin fuka ba ne," ta ce. "Ciwo biyu ne a jikinta. Na nono sankara ce, ta kuma kai hammata. Na huhu kuwa garkuwar jikinta ce, wadda Allah ya yi don ta yaƙi cuta, ta rikice ta koma tana cin huhunta da tsokar jikinta da fatar hannunta. Ba kasafai ake ganinsa ba, wannan ce ta uku da na gani tun da na fara aiki. Wani lokaci sankarar ce take tayar da shi."

Na ce, "To a cire sankarar mana, me ake jira?"

"Huhun ba zai ɗauki maganin barcin tiyata ba. In muka kwantar da ita yanzu ba za ta farka ba. Sai mun lallashi garkuwar da magani, lambar nan ta yatsa ta haura casa'in ta zauna ba tare da oksijin ba. Sai dai ku sani, maganin da ke kwantar da garkuwa yana buɗe wa wasu cututtukan ƙofa. Ita kuma sankarar ba jiran mu take ba."

Hafiza ta ce, "Likita, da an zo tun bara fa?"

Ta dubi takardar gabanta ta ce Allah ne masani, amma da aikin ya fi haka sauƙi. Kamaruddeen bai ɗago kai ba har muka fito.

Daga nan rayuwarmu ta koma kan lambar nan. Kowace safiya nas ta zo ta cire abin iskar na 'yan mintoci, mu zuba wa yatsa ido. Tamanin da huɗu. Gobe tamanin da biyar. Jibi ta koma da huɗu. Hafiza ce ke yi mata komai, Yaya ta juya fuska bango ta bari. Ni kuwa in na kawo kunu sai ta datse baki, Hafiza ta karɓi kofin nan dai ta ba ta, ta sha. Kai, abin ya ci mini rai. Na kan fita baranda in yi kukana in share, in dawo in ce, "Yi fushinki Yaya, in kin warke ma daku." Ko kallo ban ishe ta ba.

Kamaruddeen sau ɗaya ya shiga ɗakin, ranar farko, don ya gaishe ta. Tana jin sallamarsa ta yunƙura za ta tashi zaune tana laluben hijabi, abin iskar ya zame, lambar ta faɗo saba'in da wani abu, nas ta taso tana faɗa. Ya fita da baya, bai sake shiga ba. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya samu benci a baranda ƙarƙashin taga ya tare a kai. Shi ke karɓo magani, shi ke kai jini gwaji, shi ke amso sakamako, ba takardar da bai karanta ba. In an duba lambar safe sai Hafiza ta nuna masa da yatsu ta taga.

A sati na uku, ranar Laraba, muka ga tamanin da tara. Alhamis casa'in da ɗaya! Dakta Sa'adiyya ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce in ta riƙe haka, Litinin za a yi aiki. Hafiza ta faɗi ta yi sujada a kan simintin ɗakin. Ni kuwa ranar na ci abinci har da ƙari.

Asabar da safe zazzaɓi ya rufe ta. Cutar da likita take tsoro ce ta shiga huhun. Aka shiga allurai, aka ƙara ƙarfin iska, lambar dai gangarowa take. Tamanin da biyar da oksijin a hanci. Tamanin. Lahadi saba'in da huɗu. Litinin ɗin da aka sa ta zo, ba wanda ya ambaci aiki.

Bayan la'asar Hafiza ta fita alwala. Yaya ta motsa yatsa ta yafito ni. Sati uku da kwana uku rabon da ta yi mini magana. Na matso na kai kunne, ta janye abin iskar da kanta. Na ɗauka wasiyya za ta yi, ko ta ce ta yafe mini.

"Da kika je... wurinsa... me kika ce?"

Na dube ta. Ta taga ina hango hularsa, yana zaune da takardunta a kan cinya, har da hoton nonon da aka ɗauka.

"Cewa na yi ciwo ya yi tsanani, a kawo ki birni."

"Ba ki faɗi... wurin ba?"

"Ban faɗa ba."

"Bai sani ba?"

"Bai sani ba, Yaya. Likita ce kawai ta sani, ita kuma mace ce."

Ta lumshe ido. Wallahi na ga fuskarta ta saki, irin sakin da rabona da gani tun kaka. "Alhamdulillahi," ta ce, ta damƙe yatsuna biyu. Na mayar mata da abin iskar, na shiga yi mata kalmar shahada a kunne, leɓenta na bi. Hafiza ta dawo da ruwan alwala a fuska, ta ga lambar, ta ruga kiran nas. Kafin a kira magariba Yaya Huseina ta cika.

Ƙarya na yi mata. Ina neman gafarar Allah a kai, kuma da za a maimaita ita zan sake yi. Haushinta kuwa har yau bai bar ni ba, ga kewa, ban san wanne ya fi cin raina ba.

Na fita baranda. Kamaruddeen ya ga fuskata ya miƙe, takardun suka zube ƙasa. Ya yi ta salati, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Inna Larai, yanzu zan iya shiga?"

Ni da na shekara talatin ina zagin wannan kunya, sai ga ni na tare ƙofar da hannu. Na ce masa ya ɗan jira in rufe ta tukuna.